Tambura da Gangunan Gado a Ƙasar Daura: Tarihin Adana Su da Gyaransu da Kaɗa Su

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan kiɗa da waƙa na Hausa sun fi mai da hankali ne a kan makaɗi da abin da ya fito daga bakinsa, watau jigon waƙarsa da salonta da zubinta. Abin kiɗan da ke rataye a kafaɗarsa kuwa, akan ambaci sunansa ne kawai a wuce, kamar ba shi da tarihin kansa. Alhali kuwa akwai ganguna a ƙasar Hausa waɗanda suka girmi duk wanda ke kaɗa su a yau, kuma hanyar da aka bi suka kawo wannan zamani da muryarsu abin nazari ce mai zaman kanta.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba tambari da sauran gangunan gado a ƙasar Daura, tun daga fada har zuwa gundumomi irin su Sandamu. Za a bi asalin tambari, da matsayinsa a sarauta, da yadda jihadi da zuwan Turawa suka shafe shi, sa'an nan a dubi yadda ake gyaransa. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce: idan an ce ganga tsohuwa ce, mene ne ainihin abin da ya tsufa a cikinta, kuma mene ne ya kamata a adana?

2.0 Kalmar Tambari da Danginta

Tambari ganga ce mai baki ɗaya, wadda aka sassaƙa daga ice kamar babban akushi mai zurfi, aka rufe bakinta da ƙirgin sa. Jam'insa tambura. Masana da yawa suna danganta kalmar da ta Larabci, ɗabl, wadda ke nufin ganga. Abin da ya ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne yadda kalmar ta bazu a tsakanin maƙwabtan Hausawa da ma'ana iri ɗaya. Abzinawa suna kiran gangar shugabansu ettebel, kuma a wurinsu kalmar ta wuce sunan abin kiɗa, ta zama sunan ikon shugaban da kuma tarayyar ƙabilun da ke ƙarƙashinsa. Daga nan ne Hausawa suke kiran wasu shugabannin Abzinawa da laƙabin Tambari. Kalmar ta kuma zama sunan yanka ko laƙabi a gidajen sarauta, alal misali Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari wanda ya yi mulki daga 1924 zuwa 1931.

A Hausar yau ana kiran hatimin hukuma ko alamar kamfani da sunan tambari. Wannan faɗaɗar ma'ana ba ta zo da ka ba. Abin da ya haɗa ganga da hatimi shi ne, kowannensu shaida ce da ke nuna cewa magana daga mai iko ta fito. Karin maganar nan da ke cewa tambarin talaka cikinsa, ita ma a kan wannan fahimta aka gina ta: talaka ba shi da hurumin a buga masa tambari, sai dai ya ci ya ƙoshi ya bubbuga cikinsa.

Keɓe irin wannan ganga ga masu mulki tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Musulmi. A Masar ta zamanin Mamluk akwai muƙamin amiri wanda alamarsa ita ce a kaɗa ganguna a ƙofar gidansa. Ibn Batuta, wanda ya sauka a fadar Mali a 1352, ya ba da labarin ganguna da ƙahonin da ke rakiyar sarki da manyan hafsoshinsa. Ko a Turai ma, da irin waɗannan ganguna suka shiga ta hannun Musulmi, an daɗe ana taƙaita mallakarsu ga sarakuna da rundunonin barade, kuma ƙwace su a fagen fama babban abin alfahari ne.

3.0 Tambari a Fadojin Hausa Kafin Jihadi

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ba mu haske a wurare biyu. Na farko, a zamanin Sarki Dauda (1421-1438) an ce wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da jama'a mai yawa, tare da gangunan da ake kaɗawa a kan dawaki da tutoci da bindigogi. Na biyu, an ce Sarki Kutumbi (1623-1648) idan zai fita yaƙi ko hawan salla, ganguna 40 da kakaki 25 da tambura 50 ke tafe a gabansa. Ko da an ɗauka marubucin ya ƙara gishiri a lissafin, abu biyu sun fito fili: kayan kiɗan fada sun shigo ne ta hulɗa da Barno da arewa, kuma yawansu ma'auni ne na ƙarfin sarki.

A Katsina, cikin kayan sarautar da ake gadonsu akwai takobin nan Gajere da kuma gwauron tambari, wanda ake bugawa a ranar naɗin sabon sarki. Wannan ya nuna cewa ba dukan tambura ne darajarsu ɗaya ba. Akwai manya da ake girkewa a fada ba su fita, akwai kuma ƙanana da ake ɗaurawa bibbiyu a kan raƙumi a kaɗa a ranar hawa.

Daura kuwa matsayinta daban ne, domin ita ce tarihin baka ya ɗauka a matsayin uwar Hausa Bakwai. A nan ne rijiyar Kusugu take, a nan ne kuma labarin Bayajida da Daurama ya samo tushe, kuma fadar tana riƙe da takobin da ake dangantawa da Bayajida. A fada irin wannan, wadda ƙarfinta ya fi dogara ga tsufan asali bisa yawan dakaru, kayan sarauta su ne hujja. Tambari yana cikin waɗannan hujjoji, sai dai ya bambanta da takobi ta wata fuska muhimmiya. Takobi ana iya ajiye shi shekara ɗari a kube ba abin da ya same shi, amma tambarin da aka daina gyarawa da kaɗawa ya mutu ke nan, ko da icensa yana nan.

4.0 Jihadi, Rabuwar Daura da Komawar 1906

Ana yawan cewa masu jihadi sun hana kiɗa ɗungurungum. Maganar ba haka take ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba dare ba rana a cikin halayen mulkin da yake suka, amma ya ware ganga da ake bugawa don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna, ko sanar da tashinta da saukarta, ko shelar zuwan idi. Veit Erlmann ya tattara rubuce-rubucen shugabannin jihadi a kan wannan batu a littafinsa na 1986, inda ake ganin cewa hukuncin ya danganta ne da irin abin kiɗan da kuma dalilin kaɗa shi. Wannan rangwame shi ne ƙofar da tambari ya bi ya tsira. Garaya da goge sun sha suka saboda alaƙarsu da bori da gidajen shagala, amma tambari ya sami mafaka a inuwar yaƙi da idi, har ya zauna daram a fadojin sababbin sarakuna.

A Daura, wajen 1805 ne Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu, ya ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Daga baya zuriyar tsohuwar sarauta ta kafu a Zango da Baure, waɗanda suka shiga ƙarƙashin inuwar Damagaram, Fulani kuma suka riƙe birnin Daura suna bin Sakkwato. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa a cikin The Affairs of Daura (1978). Abin lura ga mai nazarin kayan kiɗa shi ne, kusan shekara ɗari ƙasa ɗaya tana da fada fiye da ɗaya, kowacce tana ganin kanta ita ce Daura ta gaskiya, kuma a al'adar Hausa ba a cika sarki ba tambari. Saboda haka a ƙarni na 19 aikin sassaƙa da ɗaurin gangunan fada bai ragu ba a wannan yanki, sai ma dai ya rarrabu zuwa gidaje da yawa.

A 1906 Turawan Ingila suka dawo da tsohuwar zuriya, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, aka haɗe masarautar wuri guda, ban da yankin da iyaka ta yanke ya faɗa hannun Faransa. Wannan ya sa Daura ta zama ɗaya daga cikin 'yan masarautun da gidan sarautar kafin jihadi ya koma kan gadonsa a tsohon birninsa. Bayan Malam Musa, Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Alhaji Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, shekarar da aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar. Sarakuna biyu kacal cikin shekara 96. Irin wannan dogon zama yana da amfani ga al'adun fada, domin bayin sarki da makaɗa suna samun sukunin koya wa 'ya'ya da jikoki ba tare da an yi ta sauya hannu ba. Yana kuma da haɗarinsa. Kiɗan da ba a yinsa sai ranar naɗin sarki, idan aka shekara 55 ba a yi naɗi ba, da wuya a sami wanda ya taɓa yinsa da hannunsa. Abin da ya fi riƙe kiɗan fada a raye shi ne bukukuwan shekara-shekara: ƙaramar salla da babba, da Hawan Magajiya, da Sallar Gani ta watan Rabi'ul Awwal wadda Daura ta yi suna a kanta.

5.0 Jikin Ganga da Yadda Ake Gyaranta

Domin a gane matsalar adanawa, dole a rarrabe ganga zuwa sassa uku, kowane da tsawon ransa.

Sashe na farko shi ne ice. Masassaƙa sukan zaɓi itatuwa masu ƙwari ko masu daɗin amo, irin su ƙirya da alilliba. Tambari babba yana bukatar gungume guda mai kauri wanda za a rarake ba tare da haɗi ba. Icen da ya bushe sosai kafin a sassaƙa shi yana iya kai wa jikoki da tattaɓa-kunne. Abokan gabarsa su ne gara da ƙwaro da tsagewa. Idan ya tsage ba a jefar da shi, akan cike tsagar da danƙo ko kakin zuma, a ɗaure da fata, wani lokaci maƙeri ya kama shi da ƙarfe.

Sashe na biyu shi ne fata da igiyoyinta. Tambari ƙirgin sa ake sa masa, kalangu da kotso da taushi kuwa fatar akuya mai laushi suke so. Akan jiƙa ƙirgi har ya yi taushi, a shimfiɗa shi a bakin icen, a ja shi da igiyoyin fata ta ko'ina daidai wa daida, sa'an nan a bar shi ya bushe a hankali. Idan ja ya fi ƙarfi ta gefe ɗaya murya za ta karkace, idan kuma aka gaggauta busarwa fatar za ta dare. Yanayin ƙasarmu ba ya barin fata ta huta: da damina takan saki, muryar ganga ta dushe, sai an shanya ta ko an gasa ta kusa da wuta kafin a kaɗa, da hunturu kuma takan ɗame har ta kai ga fashewa. Hausawa da suka ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa, daga wurin makaɗa suka ɗauko maganar. Don maganin bushewa ne ake ɗura wa tambari mai da kayan ƙamshi ta wata 'yar kafa da ke jikinsa, su jiƙa shi ta ciki. Wasu ganguna kuma, irin su kotso da taushi da dundufa, akan liƙa musu nake a tsakiyar fata don a daidaita amo. A wasu fadoji da guntayen fatar dorina ake bugun manyan tambura maimakon gula ta ice.

Sashe na uku shi ne wanda ba a gani, watau take da ƙa'idar kaɗawa. Kowane bugu yana da abin da yake faɗa, da lokacin da ake yinsa, da wanda ake yi wa. Wannan ilmi yana hannun Sarkin Tambura da yaransa, kuma a fadoji da yawa gadonsa ake yi a cikin gidajen bayin sarki. Ba a rubuce yake ba, da kunne da hannu ake ɗaukarsa.

Idan aka duba waɗannan sassa uku, za a ga cewa tambarin da ake cewa ya shekara ɗari biyu ya sha sabuwar fata ba adadi, an sake masa igiya, wataƙila an yi wa icensa ɗori. Duk da haka fada ba ta ɗauke shi sabo ba. A wurinta abin da ya sa ya zama shi ne, bai taɓa fita daga hannun masu hakkinsa ba, kuma bai daina faɗar abin da aka san shi da faɗa ba.

6.0 Gangunan Gunduma: Misalin Sandamu

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure. Sandamu tana dab da birnin Daura ta kudu, ƙasa ce ta manoman gero da dawa da wake da gyaɗa. A gunduma irin wannan, gangunan gado suna hannun gidajen makaɗa ne, kuma kamar sauran ƙasar Hausa kowace sana'a da abin kiɗanta: gangar noma ta manoma a wurin gayya, kalangu na mahauta da 'yan dambe da 'yan mata, talle na mafarauta da 'yan tauri, dundufa ta maƙera a wurare da yawa. Hakimi kuma yana da makaɗansa da ke rufa masa baya idan zai shiga birni hawan salla.

Waɗannan ganguna sun fi na fada shiga haɗari, saboda dalilai uku. Na ɗaya, tambari yana da sarki a bayansa, idan fatarsa ta fashe akwai mai ba da sa. Gangar noma kuwa gayya ce ke ciyar da ita, kuma gayya ta ja baya tun da aikin ƙodago da garmar shanu suka yawaita. Na biyu, fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984, da saran itace don girki, sun rage manyan itatuwa a arewacin Jihar Katsina, har samun gungumen da zai yi babbar ganga ya zama aiki. Shi ya sa ake ganin wasu makaɗa suna ɗaura fata a kan gwangwani ko guntun bututun roba. Dorina ma ta yi ƙaranci a kogunan arewa. Na uku, a bukukuwan aure na'urar sauti da kiɗan fiyano na ɗakin ɗaukar waƙa sun karɓe filin da kalangu ke ci a da. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: ɗan makaɗi da ya ga sana'ar ba ta ciyar da gida sai ya kama wata, gangar uban ta koma rataye a zaure har gara ta gama da ita.

Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta ice da fata. Taken manomi ko na maharbi yana ɗauke da sunayen mazajen da suka yi fice a ƙauye, waɗanda ba su shiga kowane littafi ba. Tarihin sarakuna yana da marubuta, na talakawa kuwa sau da yawa a bakin ganga kawai yake.

7.0 Adanawa Iri Biyu

A Amurka da Turai akwai masu tara tsofaffin jerin gangunan kiɗan zamani, ƙirar kamfanoni irin su Ludwig da Gretsch da Slingerland. A wurinsu darajar ganga tana ga kasancewar kowane ƙarfe da fenti na asali ne, da kuma sunan wanda ya taɓa kaɗa ta. A 2015 an yi gwanjon wani jerin ganguna ƙirar Ludwig na Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 2. Su ma suna da muhawara irin tamu, domin tun daga 1957 fatar roba ta fara maye gurbin fatar maraƙi, kuma har yau akwai masu ganin tsohuwar ganga ba ta ba da muryarta ta gaskiya sai da fatar dabba. Sai dai tushen ra'ayinsu shi ne abin ya tsaya yadda ya fito daga masana'anta, tushen namu kuwa shi ne abin ya ci gaba da aiki.

Gidajen adana kayan tarihi na Nijeriya a kan ra'ayi na farko aka gina su. An buɗe na Jos a 1952, aka yi dokar kayan tarihi a 1953, aka mai da tsohuwar fadar Argungu ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958, sa'an nan aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979. Sun yi amfani ƙwarai wajen tsare kaya daga ɓata da sata. Amma gangar da ta shiga akwatin gilashi sashe ɗaya cikin uku kawai aka ceto. Fatarta za ta bushe, takenta kuma yana can tare da mutumin da aka baro a ƙauye.

Barin komai a fada shi ma ba ya ba da cikakken tabbaci. A Buganda ta ƙasar Yuganda, da sojoji suka far wa fadar Kabaka a 1966, yawancin gangunan sarauta sun salwanta, makaɗan fada suka watse. Da aka mai da sarautar a 1993, sai da aka koma neman tsofaffin da suka rage don a farfaɗo da abin da suka iya tunawa. Darasin a nan shi ne, abin da ke wuri ɗaya kuma a ƙwaƙwalwar mutane kaɗan, rana ɗaya tana iya tafiya da shi.

Ta fuskar rubutu an yi ƙoƙari. P. G. Harris ya bayyana gangunan lardin Sakkwato a 1932. Anthony King ya yi nazarin kiɗan fadar Katsina, kuma shi da David Ames suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da bayanin kayan kiɗansu da harshen Hausa. Amma waɗannan ayyuka sun fi karkata ga Sakkwato da Zamfara da Katsina da Zazzau, littafin Smith kuma a kan tsarin mulki ya tsaya. Ƙasar Daura, musamman gundumominta, tana bukatar irin wannan aiki nata na kanta.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tambari ya shigo ƙasar Hausa a matsayin alamar iko, ya tsallake jihadi ta hanyar rangwamen da shari'a ta yi wa gangar yaƙi da ta idi, ya kuma ratsa rabuwar Daura da haɗewarta a 1906. An kuma ga cewa tsufan ganga yana ga ice da fata da take, kuma na ukun shi ne ya fi saurin ɓata.

Saboda haka akwai aiki a gaban sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi, musamman ɗaliban digiri na biyu da na uku. Ya kamata a bi gidajen makaɗa na Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa gida-gida, da izinin fada da hakimai, a rubuta kowace tsohuwar ganga: irin icenta, awonta, wanda ya sassaƙa ta, hannuwan da ta bi, da ranar da aka sake mata fata ta ƙarshe. A ɗauki aikin ɗauri da hoto mai motsi tun daga jiƙa ƙirgi har bushewa, tare da sunan kowane sashe yadda masu sana'ar suke faɗarsa. A ɗauki kowane take a na'ura, makaɗin ya fassara shi da bakinsa, a ajiye kwafi a jami'a, a ajiye wani a fada, a bar wani a gidan da aka ɗauko. Ganga kuwa a bar ta a hannun mai ita, a taimaka masa da fata da abin sayen mai. Wayar hannu da kowane ɗalibi ke riƙe da ita ta isa fara wannan aiki, kuma dattawan da za a tambaya ba za su jira a gama neman kuɗin bincike ba.